Motar Farko ta Yaro: Raddi ga Masu Cewa "Gara Mai Ƙarfi"

Duk inda zancen sai wa yaro motarsa ta farko ya taso, a majalisar manya ne ko a wajen dillalai, akwai maganar da ba a rasa ji. Uba zai gyara zama ya ce, "Ni in zan ba ɗana mota, gara in ba shi babba mai ƙarfi. Waɗannan ƙananan ai gwangwani ne, ko tunkiya ka buge sai gaban ya lotse. Mai ƙarfi kuwa, ko tsautsayi ya gitta, da yardar Allah yaro zai fita." Uwa ta ɗora da nata, ta ce hanyoyin nan ba lafiya, gara yaro ya samu abin da zai taka ya tsere in ya ga abin tsoro. Da haka ake tsallake Corolla da Civic a tsaya kan GLK ko Lexus mai fulogi shida, wani gidan ma har mai takwas, a damƙa mukulli a hannun ɗan shekara 17 ko 18, kyautar gama sakandare ko samun gurbi a jami'a.

Ban taɓa jin wannan magana daga bakin wanda ba ya son ɗansa ba. Ƙauna ce ke furta ta, da fargabar nan da kowane mahaifi ya sani tun ranar da yaro ya fara fita shi kaɗai. Saboda haka ba cin gyaran kowa ya sa na ɗauki alƙalami ba. Iyayena da yayyena nake roƙo su ara mini kunne, domin a ganina an cuɗanya abubuwa biyu da ba ɗaya ba, kuma a kan yaran da ake son karewa abin yake ƙarewa.

Rabin maganar gaskiya ce. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, mai nauyi ce ke tura mara nauyi baya, na cikin ƙaramar su ke shan mafi yawan bugun. Mota mai dogon gaba tana da wurin lotsewa kafin ƙarfe ya iso ƙafar direba. A Amurka akwai wata cibiya mai suna IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, aikinta gwara motoci da bango don a ga yadda za su tsare na ciki. Tun 2014 take fitar da jerin motocin da take ba iyaye shawarar su sai wa 'ya'yansu sababbin direbobi, kuma ba ta sa motoci 'yan firit a ciki. Sai dai a shawarar tata akwai wani kashedi da ba ya isowa majalisunmu: a nisanta yaro daga mota mai babban inji. Nauyin jiki take yabo, ƙarfin inji kuwa gudunsa take yi wa yaro.

Ga misali daga motar da kowa ya sani. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, iri biyu aka fi sani: mai fulogi huɗu, ƙarfin doki 158, da mai fulogi shida, ƙarfin doki 268. Jikinsu ɗaya ne, ƙofofi ɗaya, ginshiƙai ɗaya, jakunkunan iskar da ke fashewa su tare direba iri ɗaya. In aka gwara su da bango da gudu iri ɗaya, kariyar da za su bayar kusan ɗaya ce. Ƙarin dawaki 110 ɗin nan ko ƙusa ɗaya ba su ƙara a jikin motar ba. Abin da suka ƙara kawai shi ne gudun da yaro zai iso bangon da shi. Mahaifin da ya biya ƙarin kuɗi ya ɗauki mai shida yana zaton kariya ya saya, alhali wadda ya bari a baya tana da kariyar duka.

Sabon direba sai ya yi kuskure, haka koyo ya gada. Zai shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, zai raina kusancin motar da ke tahowa, wata rana ƙafarsa za ta nemi birki ta faɗa kan totur. Abin dubawa shi ne ko motar za ta ba shi sararin gyarawa. Corolla mai inji 1.8, doki 132, in ka take totur ɗinta har ƙasa sai ta yi wajen sakan 10 kafin ta kai kilomita 100 a awa, tana yi tana ƙugi, sitiyari na karkarwa a hannu, duk jikinka na gaya maka ka wuce gona da iri. Lexus IS 350, doki 306, ba ta cika sakan 6 ba ta kai. Marsandi C63, doki 451, ko 5 ba ta cikawa. Kuma cikin laushi suke yi. Gilas a rufe, sanyi na busawa, kiɗa na tashi, allura ta haura 140, yaro na jin kamar 80 yake yi, domin an ƙera motar ne musamman don ta ɓoye wa na ciki gudun da take yi. Ƙari a kan haka, yawancin irin waɗannan da tayoyin baya suke ja. A samu rairayi kwance kan kwalta a bakin shataletale, ko santsin ruwan farko na damina, yaro ya ƙara wuta yana cikin kwana, sai bayan motar ya zame ya nemi wuce gabanta. Tsohon hannu ya san ya sassauta ƙafa ya bi ta a hankali. Wanda ya fara tuƙi watan jiya fizgar sitiyari zai yi ya danne birki, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi.

A yi haƙuri da ɗan lissafi, don shi ne gundarin maganar. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowane sakan. A ce direba ya ɗauki sakan ɗaya da rabi tsakanin hango abu da taka birki: ya ci mita 42 bai fara tsayawa ba. A kan kwalta mai kyau, busasshiya, da tayoyi masu lafiya, zai ƙara wajen mita 56. Jimla kusan mita 100. Yanzu a ɗauki wata motar a gefensa mai gudun 140, su hango abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ce saniya ce ta fito ko tirela ce ta lalace ba alama. Ta biyun tana buƙatar wajen mita 170. A daidai wurin da ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana kan gudun da ya haura 110. Da wannan gudun za ta daki abin. Dalili kuwa, ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, bugu ninkawa huɗu yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Babu kamfanin da ya ƙera motar gida da za ta tsare mutum in ya daki bishiya ko bayan tirela da gudun 110. Gwaje-gwajen da ake ba motoci taurari da su, wajen kilomita 56 zuwa 64 a awa ake yin na gaba.

"Ai ɗana ba haka yake ba, yaro ne mai hankali." Wannan ita ce amsar da ta fi wuyar tankawa, don babu mai son a ce masa bai san ɗansa ba. Na yarda yana da hankali. Na yarda yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, ba ya ɗaga wa babba murya. Amma tarbiyya ba ta koya wa ido auna gudun motar da ke tahowa da dare. Wannan sai an daɗe a kan titi. A Amurka, inda ake ƙirga komai, direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya ninka na shekara 20 zuwa sama kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, in aka auna da nisan da kowa ya tuƙa. Ba a ce duk yaran can marasa tarbiyya ba ne. A duniya baki ɗaya, hanya na cin mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma tsakanin shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa, ba cuta ba, ba yaƙi ba. Nahiyar Afirka ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a, ga shi ita ce mafi ƙarancin motoci.

Akwai kuma abin da uba ba ya gani, domin ba ya faruwa a gabansa. Masana sun nuna cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai an doshi shekara 25, alhali sashen da ke jin daɗin burgewa ya riga ya farka tun tashen balaga. Laurence Steinberg, masanin halayyar matasa a Jami'ar Temple da ke Amurka, shi da Margo Gardner sun buga wani gwaji a 2005. An sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, inda za ka zaɓi tsayawa ko kutsawa in fitila ta nuna ruwan ɗorawa. Manya, da su kaɗai da a gaban abokai, tuƙinsu bai canza ba. Matasa kuwa, da aka zaunar da sa'o'insu biyu a kusa, gangancinsu ya ninka. A wani gwajin na 2011 abokan ba sa ma cikin ɗakin; sanin cewa suna kallo daga wani ɗaki ya isa. A kan titi ma haka abin yake. Gidauniyar AAA ta can ta lissafa a 2012 cewa direba ɗan 16 ko 17 in ya ɗauki sa'ansa guda, haɗarin mutuwarsa na ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. In biyu ne ya ninka. In uku ne ko fiye ya ninka huɗu. In kuwa babba ne ɗan shekara 35 zuwa sama a gefensa, haɗarin raguwa yake da kashi 62.

To, yaron da Alhaji ya sani shi ne wanda ke tuƙa shi zuwa masallacin Juma'a, hannu biyu a kan sitiyari, allura ba ta wuce 60. Wanda bai sani ba shi ne na ranar ɗaukar amarya. Motoci goma sun jeru bayan isha'i, kowace cike da abokan ango, wani ya zuro rabin jikinsa ta taga, na gidan gaba ya ɗaga waya yana ɗaukar allurar gudu don ya ɗora a Snapchat, na baya na cewa, "Haba, kai da ke da V6, wannan 'yar Vibe ɗin ce za ta wuce ka? Taka mata mana!" Yaro ɗaya ne, tarbiyya ɗaya ce. Ba lalacewa ya yi ba, ɗan shekara 18 ne da ba ya son a ce ya ji tsoro. A wannan daren, abin da ya rage tsakaninsa da kabari shi ne iyakar abin da injin zai iya bayarwa, kuma wannan iyaka mahaifinsa ne ya zaɓe ta ranar da ya je wajen dillali.

Gidajen da suka gaji hawa sun san wannan tun kafin mota ta shigo ƙasar Hausa. Ba a ɗora yaro kan ingarma mai zafin kai ranar farko, ko da ɗan sarki ne. Ƙuru ake nema masa ko tsohon doki mai sanyin hali, a sa wani ya riƙe ragama yana tafe da shi, har cinyarsa ta san sirdi, hannunsa ya san linzami. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa ko raini.

Sai hujjar shan gaban mota. Ana cewa inji mai ƙarfi yana fitar da mutum daga hannun da ba nasa ba da wuri, kuma ga ƙwararren direba haka ne. Ga sabon hannu kuwa, ƙarfin ne ke fito da shi inda bai kamata ya fito ba. Yana bayan tirela a hanyar da ba tagwaye ba, ya leƙa ya hango mota can nesa. Da ƙaramin inji ne da ya haƙura, don ya san ba zai kai ba. Da yake ya saba motar na amsa masa, sai ya fita. Shi yana 130, mai tahowa yana 100, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 64 kowane sakan; mita 300 ba za ta kai sakan 5 ba ta ƙare, ga tirela doguwa, ga kafaɗar hanya ta zaizaye. Maganar tsere wa 'yan fashi da masu garkuwa ma, duk da ba na raina tsoron da ke bayanta ko kaɗan, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai tare hanya da bindiga ba tsere ya fito yi ba. Gindaya abu yake yi, ko ya zaɓi inda ramuka suka tilasta wa kowa rage gudu. Kuma duk mota mai fulogi huɗu mai lafiya tana haura 160 in an matsa mata. Abin da ke tsare yaro daga wannan bala'i shi ne hana shi tafiyar dare da bin hanyoyin da aka san ba lafiya. Don gudun abin da wataƙila ba zai taɓa gamuwa da shi ba, an haɗa shi da abin da zai zauna a ƙarƙashin ƙafarsa kullum.

Jif ma da ake ganin ta fi kowace tsaro tana da nata aibin. Tsayinta ne ke sa ta saurin wuntsilawa in aka fizge ta, musamman tsofaffin da ba su da na'urar nan mai danna birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa. Sunanta ESC; Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Marsandi ESP. IIHS ta gano tana rage haɗarin mutuwa a haɗarin da mota ta yi ita kaɗai, kamar kifewa ko sauka daga hanya, da wajen rabi, kuma Amurka ta wajabta ta ga duk motocin da aka ƙera daga samfurin 2012. Wanda ke neman kariya ta gaskiya, wannan ya kamata ya tambayi dillali, ba yawan fulogi ba.

Har yanzu maganar wanda ke cikin motar muke yi. Waɗanda ke waje fa? A ranar 17 ga Fabrairun 2021, a birnin Los Angeles, wani ɗan shekara 17 da ke tuƙa Lamborghini Urus, jif mai doki sama da 600, ya keta mahaɗar titi da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, ya daki motar wata mata 'yar shekara 32 da ke hanyar komawa gida daga aiki. Ta rasu nan take. Shi ya rayu. Motar ta yi abin da iyaye ke fata, ta tsare ɗansu, sai dai da ran 'yar wasu. A ranar 19 ga Mayun 2024 a birnin Pune na Indiya, wani ɗan 17, ɗan attajiri, bayan ya fito daga mashaya, ya bi ta kan matasa biyu injiniyoyi da ke kan babur da motar Porsche, duka suka mutu. An kama mahaifinsa, domin tun 2019 dokar Indiya ta ɗora laifin tuƙin ƙaramin yaro a wuyan waliyyinsa ko mai motar, da ɗaurin da ya kai shekara 3. A titunanmu kuwa waɗanda ke waje sun fi na can yawa kuma sun fi rashin kariya: mai A Daidaita Sahu da fasinjojinsa, magidanci a kan babur da 'ya'ya uku zai kai su makaranta, yarinya mai talla, almajiri da ƙoƙonsa, tsoho mai tsallaka titi zuwa masallaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge da gudun 65 ya ninka wanda aka buge da gudun 50 sau huɗu da rabi wajen yiwuwar mutuwa. Kuma gaban jif mai tsayi ba a ƙafa yake dukan mutum ba, a ƙirji ne, yaro ƙarami kuwa a kai.

Addininmu bai ɗauki wannan da wasa ba. Kisan kuskure yana da diyya, kuma malaman fiƙihu sun ɗora ta a kan dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba, ba a kansa shi kaɗai ba. Yana da kaffara, azumin wata biyu a jere. Ko iyalan mamaci sun ce sun yafe, kamar yadda mutanenmu suka saba yi cikin karamci, akwai abin da yafiya ba ta gogewa: yaro ɗan 18 zai rayu da hoton wanda ya take har tsufansa. Duk mai son ɗansa ya kamata ya ji tsoron wannan kamar yadda yake tsoron a kira shi asibiti.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ajali ko a kan gado yana ɗauka. Mun yi imani da haka. Amma mahaifin da ke faɗar wannan shi ne ya ɗaga katangar gidansa, ya ɗauki maigadi, ya kai yaron nan rigakafi yana jariri. Cewar da ya yi "gara mai ƙarfi don ta tsare shi" ita kanta riƙo da sababi ce. Ashe ba a kan ƙaddara muka saɓa ba; mun yarda a ɗaure raƙumi, a kan igiyar da ta dace ne muke magana. Shari'a ma ta raba balaga da iya riƙon abu. Maraya ko ya balaga ba a miƙa masa dukiyarsa sai an jarraba shi an ga ya iya juya ta. In an yi wannan taka-tsantsan da kuɗi, wanda in ya salwanta ana iya samun wani, ina ga ƙarfe tan ɗaya da rabi mai iya ɗauke rai cikin ƙiftawar ido?

Ƙasashen da suka ƙirga gawarwakin matasansu sun mai da abin doka. New Zealand ta fara lasisin mataki-mataki a 1987: sabon direba ba ya tuƙi shi kaɗai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya kuma ɗaukar fasinja sai da babba mai cikakken lasisi. A jihohin Victoria da New South Wales na Ostareliya an hana sabon direba motar da ƙarfinta ya wuce kilowat 130 a kowane tan na nauyinta, wato wajen doki 174. Da wannan ma'auni, IS 350 da ake ba yara a nan haramtacciya ce gare su a can. A Faransa sabon direba yana manna harafin A a bayan mota, kuma inda kowa ke 130 shi 110 ce iyakarsa. Italiya, mahaifar Ferrari da Lamborghini, ta tsayar da sabon direba a kan 100 a babbar hanya har shekara 3, ta kuma ƙayyade masa ƙarfin inji. A Nijeriya doka ta ce sai ɗan shekara 18 zai karɓi lasisi, kuma ƙa'idar gudun motar gida 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na zamani. Amma lasisin guda ne, da shi ake tuƙa Corolla, da shi ake tuƙa C63. Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ba zai tsaya a kowace kwana ba. Abin da majalisun dokoki suka yi wa yaran waɗancan ƙasashe, a nan uba da uwa ne kaɗai za su yi wa nasu. Wanda kuma ya ba ɗan 16 ko 17 mukulli, ya sani tun kafin a zo kan inji ya riga ya koya masa cewa doka ta wasu ce.

Akwai abin da ba a cika furtawa ba, ni kuwa zan furta shi da ladabi. Wani lokacin ba tsaro ne ke zaɓen motar ba, gudun kada a ce ɗan wane na yawo a ƙaramar mota ne, ko kuma uban da ya taso yana taka sayyada zuwa makaranta ya yi alkawarin ɗansa ba zai ɗanɗana rashi ba. Wannan na biyun abin tausayi ne kuma abin girmamawa. Sai dai gata ba ya ƙarewa don an jinkirta shi. Motar da aka hana ɗan 18 tana nan ana sayar da ita ranar da ya kai 25.

Da kuɗin da za a sayi tsohuwar mai fulogi shida ta alfarma, ana samun matsakaiciya mai fulogi huɗu da ta fi ta sabunta, mai ESC. In an je saye a tafi da bakanike amintacce, domin da yawa daga motocin gwanjon da ke shigowa sun taɓa yin haɗari a can, aka gyara jiki aka bar jakunkunan iska ba a mayar ba. A murɗa mukulli ba tare da tayar da inji ba, a zuba wa allon gaban direba ido: fitilar jakar iska ta kama, in an tayar ta mutu bayan 'yan sakan. In ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwanta. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. A tsuguna a duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba tana fashewa a zafin kwaltar watan Afrilu. Bel kuwa, wanda shi kaɗai ke rage mutuwar na gidan gaba da kusan rabi, yaro ba zai ɗaura ba in bai taɓa ganin babansa ya ɗaura ba.

Ni da za a bi tawa, shekarar farko ma kada a ce motar tasa ce. A ce ta gida ce, mukulli na hannun Hajiya, in zai fita ya faɗi inda za shi da lokacin dawowa. Wani bincike da Asibitin Yara na Philadelphia ya buga a 2009, a kan dubban 'yan sakandare, ya nuna waɗanda ke da motar kansu sun ninka masu aron ta gida fiye da sau biyu wajen yin haɗari. A kai shi makarantar koyon tuƙi ta gaske, ya yi gwaji ya karɓi lasisinsa da hannunsa. Watannin farko ba ɗaukar abokai, ba tuƙin dare, ba jerin gwanon biki. Zai yi fushi, zai ce ɗan gidan wane an ba shi wadda ta fi wannan. Ya yi fushin, zai huce.

Alhaji, Hajiya, in kun riga kun saya, ba a makara ba: ku karɓi mukullin babbar ku riƙe, ku ba shi ƙaramar gidan. In kuma yanzu kuke shirin zuwa wajen dillali, don Allah ku ce a nuna muku mai fulogi huɗu, sannan ku shiga gidan gaba ku zauna kusa da shi har ku ga hannunsa ya faɗa.